Sao Tome da Principe: Wa Zai Nome Gandun?

In mutum ya tashi daga bakin teku a Boni, kudu da Fatakwal, ya miƙa kudu sak cikin jirgin ruwa, ƙasar da zai fara gani bayan tafiyar kilomita wajen 300 ita ce wani ɗan tsibiri mai suna Principe. In ya ƙara kilomita 150 sai ya iske wansa, Sao Tome. Su biyun nan, da waɗansu 'yan duwatsu da ke kewaye da su, ƙasa ɗaya ce mai tutarta da kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya. Girmanta duka wajen murabba'in kilomita 1,000 ne, mutanenta kuwa ba su kai 250,000 ba. Akwai ƙananan hukumomi da yawa a Nijeriya da suka fi ta jama'a. A duk Afirka, Seychelles kaɗai ce ba ta kai ta ba.

Maƙwabciya ce ta sosai, ko da yake ba a cika lissafa ta cikin maƙwabta ba, gama iyakarta da Nijeriya a cikin ruwa take. Tsibiran kawunan tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta, cikin jerin nan da ya taso daga teku, ya bi ta Bioko da Dutsen Kamaru, ya hau har tudun Biu. Shi ya sa ƙasar take da ƙarfi ƙwarai. Ruwan saman da yake sauka a kudancin Sao Tome ya ninka na Jos sau uku ko fi, abin da aka jefa a ƙasa kuwa sai ya tsiro. Abin da tsibiran suka rasa tun farko shi ne hannuwan da za su yi noman. Sa'ad da Turawa suka iso ba su tarar da kowa ba, ko bukka ɗaya babu. Saboda haka kowane mutumin ƙasar jikan baƙo ne, yawancin baƙin nan kuwa a ɗaure aka kawo su. Wa zai nome gandun, da kuma da wane sharaɗi, ita ce maganar da ta bi tarihin ƙasar shekara ɗari biyar.

Matuƙan jirgi biyu 'yan Fotugal, João de Santarém da Pêro Escobar, su ne suka fara ganin tsibiran wajen 1470. Babban sun ba shi sunan Manzo Toma, domin an ce ran 21 ga Disamba suka gan shi, ranar da ikilisiyar Roma take tunawa da manzon a zamanin nan. Ƙaramin kuwa daga baya aka sa masa Principe, watau Yarima, gama harajinsa na ɗan sarkin Fotugal ne. Ƙoƙarin farko na zaunar da mutane a 1485 ya watse, zazzaɓi ya cinye su. Sai a 1493 wani mai suna Álvaro de Caminha ya kafa garin da ya tsaya. Mutanen da ya zo da su sun nuna irin wahalar samun mai son zuwa: 'yan kurkuku ne da aka ba su zaɓi tsakanin igiya da tsibiri, sai kuma yara. A 1492 Sifen ta kori Yahudawanta, da yawa suka tsallaka Fotugal. Sarki Yohanna na Biyu ya sa aka ƙwace yaran waɗanda suka kasa biyan kuɗin shiga, aka yi musu baftisma dole, aka zuba su a jiragen Caminha. Labarun zamanin suna cewa sun kai 2,000, bayan 'yan shekaru kuwa 600 suka rage.

Waɗannan ba su isa su sare daji ba, sai aka juya ga gaɓar Afirka. Bayin farko daga masarautar Binin da rafuffukan Neja Delta aka sayo su. Kogin Escravos na Jihar Delta, inda ake lodin ɗanyen mai, ma'anar sunansa da harshen Fotugal ita ce "bayi", daga cinikin nan kuwa ya samo shi. Waɗansu bayin akan ajiye su a tsibirin, waɗansu a wuce da su Elmina, a ƙasar Gana ta yanzu, a musaya su da zinariya. Daga baya kasuwar ta koma Kongo. A 1526 Sarki Afonso na Kongo, wanda shi kansa Kirista ne, ya yi ta rubuta wa sarkin Fotugal wasiƙu yana kuka cewa fatake suna kwashe masa mutane kowace rana, har da 'ya'yan sarauta. Da yawa cikin fataken da yake kuka da su mutanen Sao Tome ne.

Da yake matan Turawa ba su zo ba, hukuma ta riƙa ba kowane baƙo baiwa guda. A 1515 Sarki Manuwel ya 'yanta matan nan da 'ya'yansu, a 1517 kuma ya 'yanta bayi maza da suka zo da mazaunan farko. Daga nan aka sami jama'ar da ake kira Forro, waɗanda su ne mafi yawa a ƙasar har wa yau. Sunan daga kalmar alforria yake, watau takardar 'yanci, ita kuwa Fotugal daga Larabci ta aro ta, al-hurriyya. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: sunan jama'ar kansa shaida ne cewa su ba bayi ba ne, sun kuwa tsare sunan nan da kishi mai yawa.

Rake shi ne amfanin gona na farko. Kafin tsakiyar ƙarni na 16 Sao Tome ta shiga sahun gaba cikin masu sayar wa Turai sukari. A nan ne aka fara gwada irin gandun nan na ƙasashe masu zafi, mai shuka iri ɗaya, da bayi ɗaruruwa, da injin matse rake a tsakiya, wanda daga baya aka kwafa a Birazil da tsibiran Karibiyan. Wato abin da ya cinye miliyoyin 'yan Afirka a hayin teku, a nan kusa da gida aka koyi yinsa.

Ikilisiya ma ta zo da wuri. A 1534 Paparoma Bulus na Uku ya kafa dayosis a Sao Tome, ikon bishop ɗin kuwa ya haɗa da gaɓar Afirka mai nisa, har da Kongo. Daga nan ne waɗansu masu wa'azi na ɗarikar Agustin suka ƙetara zuwa Warri wajen shekarun 1570. Suka yi wa magajin sarautar Itsekiri baftisma da sunan Sebastian, ɗansa Domingos kuwa ya yi karatu a Fotugal ya komo ya ci sarauta. Wannan ya faru wajen shekara 270 kafin Thomas Birch Freeman ya sauka Badagiri a 1842. Amma fa jirgin da ya kai mai wa'azi Warri shi ne yakan komo da bayi, gama ba wani jirgin da yake bin hanyar. Malaman ikilisiya da kansu suna da bayi, akan kuma yi wa bayi baftisma a jere kafin a loda su. Ba abin mamaki ba ne da bangaskiyar ba ta yi nisa da fādar Warri ba.

Bayi ba su zauna shiru ba. Tun farko suna gudu zuwa duwatsun kudu masu duhun daji, suna saukowa su kai hari. Masunta na kudancin tsibirin, waɗanda ake kira Angolar, labarin gargajiya yana cewa kakanninsu bayi ne da jirginsu ya fashe a kan duwatsu suka yi iyo zuwa gaɓa. Masana tarihi na yanzu sun fi ganin jikokin bayin da suka gudu ne. Babban tawaye ya tashi ran 9 ga Yuli 1595, a lokacin da bishop da gwamna suke ta husuma, Turawa sun rabu biyu. Wani bawa mai suna Amador ya tara dubban bayi, ya kira kansa sarki, ya ƙone fiye da rabin injunan rake na tsibirin, ya kai hari babban gari. A ƙarshen watan aka ci su da yaƙi. Wani na kusa da shi ya bashe shi, aka kashe shi ran 14 ga Agusta. Labarin ya iso ga zamanin nan ta hannun wani firist baƙar fata ɗan tsibirin, Manuel do Rosário Pinto, wanda ya rubuta tarihin ƙasar a farkon ƙarni na 18. Bayan samun 'yancin kai aka sa hoton Amador a takardun kuɗin ƙasar, wanda ake kira dobra. Hoton zane ne na zato, gama ba wanda ya san kamanninsa.

Sukari bai sake farfaɗowa sosai ba. Na Birazil ya fi kyau, 'yan Holan da 'yan Faransa kuma suna ta kawo hari ta teku, har 'yan Holan suka riƙe garin daga 1641 zuwa 1648. Masu gandu suka kwashe dukiyarsu suka koma Birazil. Shekara wajen ɗari biyu tsibiran suka zama zango kawai, inda jiragen bayi suke tsayawa su sha ruwa su sayi guzuri. Turawa suka ragu ƙwarai. Forro suka riƙe ƙasa, da kujerun majalisar gari, da muƙaman ikilisiya. Littattafan Turawa suna kiran wannan zamanin faɗuwa, amma a cikinsa ne jama'ar ta kafu.

Harshensu shaida ne. Yawancin kalmomin harshen Forro na Fotugal ne, amma ginin jimla da waɗansu kalmomi da yawa daga Edo na Binin suke, waɗansu kuma daga Kikongo. Harshen Principe, Lung'Ie, ya fi kowane riƙe alamun Edo, sai dai masu jinsa sun ragu ƙwarai, Fotugis ya rinjaye shi. A wasanni kuma haka abin yake. Akwai wani wasan kwaikwayo da ake kira Tchiloli, wanda maganarsa daga rubutun wani makahon mawaƙi ne na tsibirin Madeira, Baltasar Dias, na ƙarni na 16. Labarin ɗan Sarki Charlemagne ne da ya kashe abokinsa a wurin farauta domin yana son matarsa. Dangin mamacin suka kai ƙara gaban sarki, sarki kuwa, bayan doguwar shari'a, ya yanke wa ɗan cikinsa hukuncin kisa. Maza ne kaɗai suke yin wasan, har matsayin mata, a fili, sa'o'i da yawa, da fuskokin waya masu farin fenti, da sarewar gora da ganguna. An ƙara masa lauyoyi masu jakar hannu da tafireta da wayar tarho, suna magana da Fotugis na yau. Ba wuya a gane dalilin da ya sa mutanen da suka daɗe a ƙarƙashin gwamnonin da ba mai tuhumarsu suke son kallon mai mulki yana hukunta ɗansa.

A ƙarni na 19 Turawa suka komo, abin da ya komo da su kuwa koko ne. An kawo irinsa daga Birazil wajen 1820, aka fara shuka shi a Principe. Daga tsibiran nan ya ƙetara Fernando Po, watau Bioko, daga can kuma, bisa ga labarin da aka sani a Gana, Tetteh Quarshie ya kai shi gida a 1879. Masu jari na Lisbon suka karɓe ƙasar Forro, wata da saye, wata da zamba a kan takardu, wata da ƙarfi. Suka kafa manyan gandaye da ake kira roça, kowane da gidan maigida, da barikin lebura, da asibiti, da ɗan layin dogo zuwa bakin teku. A farkon ƙarni na 20 wannan 'yar ƙasa ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko, tana fitar da fiye da tan 30,000 a shekara kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Sai tsohuwar tambaya ta komo. An hana bauta a tsibiran a 1875, 'yantattun suka fice daga gandaye, Forro kuwa suka ce faufau ba za su yi aikin gandu ba, ko da sun talauce. Sai aka fito da dabarar 'yan kwantiragi, waɗanda ake kira serviçais. Akan kamo mutum ko a sayo shi a tsakiyar Angola, a kawo shi bakin teku, a tsai da shi gaban wani ma'aikacin hukuma, a karanta masa takarda da harshen da ba ya ji, a rubuta cewa ya yarda da aikin shekara biyar. In biyar ta cika a sabunta. Har zuwa 1908 kusan ba wanda aka mayar gida. Mutuwa kuwa tana da yawa, musamman a Principe inda ƙudan tsando yake yaɗa ciwon barci, kafin a kawar da shi tsakanin 1911 da 1914.

Maganar ta fashe a Ingila. Wani ɗan jarida, Henry Nevinson, ya bi hanyar bayin a Angola, ya ga ƙasusuwa da tarin mari da aka yar a gefen hanya, ya buga littafi a 1906. Masu aikin bishara a Angola ma sun ba da shaida, cikinsu har da Charles Swan. Abin ya zama nauyi a kan iyalin Cadbury masu yin cakulan, gama su 'yan ɗarikar Quaker ne, wadda aka san ta da ƙin bauta, ga shi kuwa kusan rabin kokonsu daga Sao Tome yake. Tun 1901 suka ji labari. Suka aiki mai bincike, Joseph Burtt, a 1905, suka yi ta kai da komo da gwamnatin Lisbon, amma ba su daina saye ba sai a Maris 1909. Hujjarsu ita ce mai saye yana da bakin magana, wanda ya janye kuwa ba shi da shi. Jaridar Standard ta ce munafunci ne, suka kai ta ƙara. Masu shari'a suka ba Cadbury gaskiya, amma diyyar da suka yanka musu rubu'in kobo ɗaya ce, wanda kowa ya gane abin da ake nufi da shi. Abin lura kuma, shekara takwas ɗin nan na jinkiri sun ba gonakin Gana lokaci su yi girma, har kamfanin ya sami inda zai koma. Bayan wannan aka fara mayar da waɗansu lebura gida, aka kuma ƙara ɗebo waɗansu daga Mozambik da Kef Bade. A cikin ɗaya daga gandayen nan ne, Sundy na Principe, masanin taurari Arthur Eddington ya ɗauki hotunan husufin rana ran 29 ga Mayu 1919, waɗanda suka goyi bayan lissafin Einstein. Duniya ta fi tunawa da gandun saboda wannan.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu lebura suka yi wuyar samu, Angola tana bukatar nata. Gwamna Carlos Gorgulho ya fara kama Forro da dare yana sa su aikin gine-ginen hukuma. Jita-jita ta bazu cewa za a tilasta musu kwantiragi. Aka lilliƙa takardun gargaɗi a Trindade. Ran 3 ga Fabrairu 1953 'yan sanda suka harbe wani mutum a can, gari ya hargitse. Gwamna ya ce makircin 'yan gurguzu ne, ya raba wa Turawa makamai, ya kuma zuga lebura 'yan kwantiragi a kan Forro, yana amfani da tsohuwar ƙiyayya, gama Forro sun daɗe suna raina masu aikin gandu. Aka yi kwanaki ana farautar mutane a Trindade da ƙauyen Batepá, ana ƙone gidaje. Aka cusa waɗansu a ɗakin kurkuku marar iska har suka shaƙe. Aka kai waɗansu bakin teku a Fernão Dias, da sarƙa a ƙafa, suna ɗaukar duwatsu ana dukansu, wanda ya mutu a jefa shi teku. 'Yan ƙasar suna cewa mutum 1,032 suka mutu, Fotugal ta ba da adadi kaɗan, masana tarihi kuwa suna cewa ɗaruruwa ne. Wani lauya daga Lisbon, Manuel João da Palma Carlos, ya zo ya tsaya wa fursunonin. 'Yan sandan ciki na Fotugal da kansu suka bincika ba su ga makirci ba, aka kira Gorgulho gida. Ba a hukunta shi ba. Ranar 3 ga Fabrairu ta zama ranar tunawa da shahidai, daga wannan jini kuma neman 'yancin kai ya tsiro.

Kafin 'yancin ya zo, tsibirin ya shiga tarihin Nijeriya ta wata ƙofa. A lokacin yaƙin basasa, sa'ad da sojojin tarayya suka kewaye Biyafara yunwa ta faɗa wa yara, Fotugal ta buɗe filin jirgin saman Sao Tome. Ba domin tausayi kaɗai ta yi haka ba. Tana yaƙi da masu neman 'yanci a Angola da Mozambik da Gini Bisau, raunana Nijeriya kuwa riba ce gare ta. Ƙungiyoyin ikilisiya na Katolika da na Furotesta daga Turai da Amurka suka haɗa kai ƙarƙashin sunan Joint Church Aid. Daga 1968 zuwa Janairu 1970 jiragensu suka yi sawu fiye da 5,000, suka kai wajen tan 60,000 na abinci da magani. Da dare suke tashi, su sauka a Uli a kan wata hanyar mota da aka faɗaɗa, ana kunna fitilu na 'yan daƙiƙu kawai. Matuƙa da dama sun mutu. An kuma kwaso yara masu ciwon yunwa aka yi jinyarsu a tsibirin. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi ƙorafi cewa jiragen makamai suna fakewa cikin na agaji, gaskiya ne kuwa akwai masu safarar makamai da suke tashi daga fili ɗaya. Har yanzu ana gardama ko agajin ya tsawaita yaƙin. Waɗanda suka rayu da garin madara da busasshen kifin nan ba su cikin masu gardamar.

'Yanci ya zo ba tare da yaƙi a tsibiran ba. Ƙungiyar 'yan gwagwarmaya, MLSTP, a gudun hijira take, a Gabon. Da sojoji suka kifar da gwamnatin Lisbon ran 25 ga Afrilu 1974, aka yi yarjejeniya a Aljiyas, aka sauke tutar Fotugal ran 12 ga Yuli 1975. Manuel Pinto da Costa ya zama shugaban ƙasa, Miguel Trovoada firayim minista. Mawaƙiya Alda do Espírito Santo ce ta rubuta kalmomin taken ƙasa. Kusan duk Turawa suka tafi. Ran 30 ga Satumba na shekarar gwamnati ta karɓe gandaye. Amma kujerun ofis Forro ne suka hau su, adda kuwa ta zauna a hannun 'yan kwantiragin da suka rage da 'ya'yansu. Itatuwa sun tsufa, injuna sun lalace, koko ya faɗi daga wajen tan 10,000 zuwa ƙasa da 5,000. Gwamnatin jam'iyya ɗaya ta jingina ga Rasha da Kyuba da Jamus ta Gabas, daga 1978 kuma sojojin Angola suka zauna suna tsaron ta. Aka ɗaure Trovoada a 1979, daga baya ya tafi gudun hijira.

Abin yabo ga ƙasar shi ne yadda ta fita daga wannan. A 1990 aka yi ƙuri'ar raba gardama aka yarda da jam'iyyu da yawa. A Janairu 1991 jam'iyya mai mulki ta sha kaye ta kuwa sauka, abin da ba a saba gani a Afirka ba a lokacin. Trovoada ya komo ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Tun daga nan mulki yana canja hannu ta akwatin zaɓe, har Pinto da Costa kansa ya komo ta ƙuri'a a 2011. Gwamnatoci dai suna faɗuwa da sauri, sojoji kuma sun taɓa gwada sa'arsu. A 1995 Principe ya sami ikon tafiyar da harkokinsa na cikin gida.

Ƙasa irin wannan, wadda mafi yawan kuɗin ayyukanta na raya ƙasa daga waje suke zuwa, abin da take da shi na ciniki shi ne wurin zamanta da ƙuri'arta. A shekarun 1990 ta ba Muryar Amurka fili a Pinheira aka kafa tashar yaɗa shirye-shirye, shekaru da yawa kuwa masu sauraron Sashen Hausa a Kano da Maraɗi suna kama murya daga tsibirin ba su sani ba. A 1997 ta amince da Taiwan, wadda ta taimaka ƙwarai wajen rage zazzaɓin cizon sauro. A Disamba 2016 ta sallami Taiwan ta koma wurin Sin. Tun 2010 kuɗinta a ɗaure yake da yuro ta hannun Fotugal, a 2024 kuma ta sa hannu a yarjejeniyar soja da Rasha. Mai kallo daga nesa yana iya ce da wannan rashin tsayawa wuri ɗaya, amma wanda rumbunsa ba kome ba ya zaɓen gidan da zai ci tuwo.

Da Nijeriya kuwa maganar mai ce. Ƙasashen biyu sun kasa daidaita iyakarsu ta teku, sai a Fabrairu 2001 suka yarda su haɗa yankin da ake jayayya a kai su haƙa tare, Nijeriya ta ɗauki kashi 60 cikin 100, Sao Tome 40, ofishin hukumar kuwa a Abuja. Aka yi ta lissafin biliyoyin ganguna. Zaton dukiyar yana cikin abin da ya kawo juyin mulkin ran 16 ga Yuli 2003, sa'ad da Shugaba Fradique de Menezes yake Abuja wurin wani taro. Nijeriya da Angola da sauran maƙwabta suka matsa, aka yi sulhu aka yafe wa sojojin, bayan mako guda Shugaba Obasanjo ya rako shi gida da kansa. A 2004 majalisa ta kafa doka mai kyau ta yadda za a adana kuɗin mai domin jikoki. An karɓi kuɗin sa hannu na dala miliyoyi, an haƙa rijiya ta farko a 2006 da waɗansu bayanta, amma ba a sami man da ya isa ciniki ba. Cinikin kifi a ruwa aka yi.

Saboda haka aka komo kan koko. Daga 1993 aka rarraba gandaye ƙanana ƙanana, a karo na farko jikokin 'yan kwantiragi suka sami gonar da za su ce tasu ce. Waɗansu sun haɗu cikin ƙungiyoyin gama kai suna noman koko marar takin zamani, suna sayar wa masu cakulan na Turai da daraja. A Disamba 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire ƙasar daga jerin ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba. Amma tun da ƙasashe masu magana da Fotugis suka sauƙaƙa wa juna tafiya a 2021, samari suna ta ficewa zuwa Lisbon, har da malaman makaranta da ma'aikatan jinya, manoma kuma suna kukan rashin masu taya su aiki. A tsofaffin gandaye irin su Água Izé jikokin mutanen Angola da Kef Bade suna nan a barikin da aka gina wa kakanninsu. Babban asibitin gandun, mai matakala biyu a gaba, rufinsa ya zube, waɗansu iyalai kuwa sun kakkafa katako sun raba ɗakunan jinya suna zaune a ciki.